Kun Tambaya, Mun Amsa: Yawon Ƙafa da Kallon Namun Daji a Kwazazzabon San Diyego

Birnin San Diyego na jihar Kalifoniya a Amurka an gina shi ne a kan tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, tsakaninsu kuma kwazazzabai ne da ruwa ya rarake tun da daɗewa. Gidaje sun mamaye tuddan, aka bar ƙasan kwarin da dajinsa. Wasiƙun wannan fitowa duk sun zo ne daga 'yan'uwa mazauna can, kuma sun taru a kan mafi shaharar waɗannan wurare, wato keɓaɓɓen dajin Los Peñasquitos.

Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa karatu San Diyego ba. Abokaina suna ta maganar wata magangarar ruwa a Los Peñasquitos. Yaya nisanta yake, kuma me zan riƙa?
*Ɗalibi, daga unguwar Mira Mesa*

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai da wurin ai maƙwabta ne, domin Mira Mesa ce ke kan tudun da ya yi masa iyaka ta kudu. Ana faɗin sunan Penyaskitos, kalmar Sifaniyanci ce mai nufin ƙananan tsaunuka. Faɗinsa ya kai wajen eka 4,000 idan aka haɗa da ƙaramin kwazazzabon Lopez da ke manne da shi, tsawonsa kuma kusan kilomita 11, daga babbar hanya mai lamba 15 a gabas zuwa inda hanyoyi masu lamba 5 da 805 suka haɗu a yamma. Hukumar birni da ta gunduma ne suke kula da shi tare. Ƙasar ta mutanen Kumeyaay ce, 'yan asalin yankin, tun shekaru dubbai, sannan a 1823 gwamnatin Mekziko, wadda ke mulkin wurin a lokacin, ta ba da wani yanki nata ga Kyaftin Francisco María Ruiz, kyautar fili ta farko irinta a yankin. Tsohon gidan gonar na tubalin ƙasa yana nan tsaye a gefen gabas, duk wanda ya taso a gidan ƙasa zai gane ginin da kallo ɗaya.

Daga mashigar gabas da ke kan titin Black Mountain zuwa magangarar akwai kilomita 5 da ɗoriya, zuwa da dawowa ka lissafa 11. Hanyar kusan a shimfiɗe take, hawa kaɗan ne, mai matsakaiciyar tafiya zai gama cikin awa 3. Akwai turba a kowane gefen rafin, da mahaye a tsakani, saboda haka kana iya tafiya ta kudu ka dawo ta arewa. Kada ka sa ran ganin irin magangarar Gurara ta jihar Neja. Ruwa ne ɗan kaɗan yana sauka mataki-mataki ta tsakanin tsofaffin duwatsun aman wuta, kyansa yana fitowa ne a watannin ruwa da bayansu kaɗan.

Ruwan sha shi ne babban kaya. Ka lissafa rabin lita ga kowace awa idan gari da sanyi, lita ɗaya ga kowace awa idan da zafi. Tafiyar magangara ke nan lita 1.5 zuwa 3. Idan ka ga ka shanye rabin ruwanka, juyawa za ka yi ko ba ka kai ba. Ruwan rafin ba na sha ba ne komai garai-garai ɗinsa: a da yakan ƙafe da rani, yanzu yana gudu duk shekara saboda rarar ban-ruwan ciyawar gidaje da wankin tituna da ke gangaro masa, tare da taki da maganin ƙwari da kashin karnuka. Sai takalmi sau-ciki mai ƙwarin tafi, da safa, da dogon wando, da malafa ko hula mai baki, da ɗan abinci mai gishiri kamar gyaɗa. Ka sauke taswirar wurin a waya tun kana gida, domin a ƙasan kwari sabis yakan ɗauke duk da kana hango rufin gidaje. Kuma ka gaya wa wani ta inda ka shiga da lokacin da za ka fito.

Abu ɗaya game da zaman lafiya a turba: hanyar ta masu ƙafa ce da masu keke da masu doki. Ƙa'ida ita ce mai keke ya ba mai ƙafa hanya, kowa kuma ya ba doki hanya. Idan doki ya tunkaro, ka koma gefen da ya fi gangare, ka tsaya, ka yi wa mahayin magana don dokin ya gane mutum ne. Wanda ya laɓe shiru bayan itace shi ne ke firgita shi.

Sau uku ina zuwa, ban ga komai ba sai ƙadangaru da masu keke. An ce akwai barewa da kyanwar daji. Ko dai faɗa ce kawai?
*Direban babbar mota, Sorrento Valley*

Suna nan, Malam. Muna kyautata zaton da hantsi ko da tsakar rana kake zuwa, wataƙila ma ranar Asabar, kuma kana tafiya irin ta mai sauri. Waɗannan ukun kowannensu ya isa ya hana ka gani.

Dabbobin kwazazzabon birni sun koyi kauce wa mutane ta hanyar lokaci, tunda ba su da faɗin da za su kauce ta wuri. Barewar can mai manyan kunnuwa irin na alfadari tana fitowa kiwo ne daga ketowar alfijir zuwa awa ɗaya ko biyu bayan fitowar rana, sai kuma daf da magariba. Tsakanin nan tana kwance cikin sarƙaƙiya tana tuƙa, kana iya wuce ta da taku goma ba ka sani ba. Haka koyoti, ɗan'uwan dila ne amma ya fi shi girma, da bobkat, kyanwar daji mai guntuwar wutsiya wadda ta kai ninki biyu na kyanwar gida. To ka iso da zarar gari ya waye, a ranar aiki idan da hali. Da yamma ma ana gani, sai dai dajin na rana ne, kuma wanda ya makara yana iya tarar da an kulle wurin ajiye motoci.

Sai wurin dubawa. Mutane suna kallon tsakiyar fili ko tsakiyar kurmi, alhali dabba tana zama ne a baki, inda kurmin rafi ya haɗu da filin ciyawa, domin ga abinci ga maɓoya kusa. Kada ka nemi barewa sukutum. Ka nemi kunne da ya motsa, ko layin baya a kwance a cikin ciyayi da duk suke tsaye, ko farin gindi. Iska ta kasance tana bugun fuskarka. Idan tana bin bayanka, warinka ya riga ka isa da nisa. Ka ɗebi ɗan ƙura ka saki, za ka ga inda ta nufa, kamar yadda mafarauta suke yi.

Dabarar da ta fi kowace aiki kuma aka fi raina ta ita ce zama. Ka sami wuri a gefen turba inda kake hango bakin kurmi, ka duba ƙasa da kyau, ka zauna, ka rufe baki na minti 20. Minti goman farko ba za ka ga komai ba, domin tsuntsaye sun riga sun yi shelar zuwanka. Bayan nan daji yakan koma harkarsa. Idan ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru a wuri guda suna ta tsiwa, ka duba can, sau da yawa mujiya ce ko maciji ko bobkat suke yi wa.

Ko ba ka ga dabbar ba, laka ta bakin mahayi tana ba da labarin daren jiya. Sawun barewa kofato ne biyu masu tsini kamar na akuya. Na koyoti dogo ne siriri, da alamar farce a gaba, kuma yana tafiya a miƙe kamar an ja zare, saɓanin karen gida da ke yawo nan da can. Na bobkat zagayayye ne, ba farce, domin kyanwa tana janye nata. Na rakun, wata ƙaramar dabba mai baƙin zane kewaye da ido, kamar tafin hannun jariri. Kashin koyoti yakan zo a tsakiyar turba, cike da gashi da ƙwallayen 'ya'yan itace, da gangan yake ajiye shi a nan don nuna iyakarsa.

Tsuntsaye kam ba sa wahala, an lissafa sama da iri 175 a wurin. Ka dubi busassun rassa, za ka ga an huda su da ɗaruruwan ramuka, kowane rami da ƙwallon itacen ok a ciki. Aikin wani maƙwaƙwafi ne mai jar hula, rumbunsa ke nan, kuma iyali guda ne ke tarawa suna gadi. Akwai shaho mai jar wutsiya yana shawagi a kan tudu, da zalɓe a bakin ruwa, da wata 'yar makwarwa mai tukku a goshi da ke gudu garke-garke a ƙasa.

Tsoron maciji ne ya hana ni zuwa. A gida idan kububuwa ta sari mutum mukan ɗaure sama da wurin, a tsaga, a sa baƙin dutse. Haka zan yi a nan idan abin ya faru?
*Magidanci, Rancho Peñasquitos*

A'a, Alhaji, ko kusa. Kuma gara mu faɗa a fili: ko a gida waɗannan abubuwa ba sa ceton rai, ɓata lokaci suke yi, likitocin da ke jinyar saran maciji a Kaltungo da sauran wurare sun daɗe suna hana su.

Macijin da ake tsoro a kwazazzabon shi ne mai kacau-kacau a wutsiya, dangin kasa da kububuwa ne ta fuskar dafi. Kansa faffaɗa ne kamar kan mashi, wuyansa siriri, jikinsa kauri. Ya fi fitowa daga Maris zuwa Oktoba, amma a San Diyego sanyi ba ya tsanani, ana iya ganinsa a kowane wata idan rana ta yi ɗumi. Da sanyin safiya yakan miƙe a kan turba yana shan hantsi, da zafi ya koma inuwar dutse ko ƙarƙashin kututture. Kada ka dogara da jin ƙarar wutsiya. Ba kullum yake kaɗawa ba, ƙarami kuma ƙulli ɗaya gare shi wanda ba ya ƙara. Akwai wani maciji marar dafi mai kama da shi a zane, har yakan kaɗa wutsiya cikin busassun ganye don a ɗauka shi ne, amma wutsiyarsa mai tsini ce. Ba aikinka ba ne ka matsa don tantancewa.

Saransa ba ya kaiwa fiye da kusan rabin tsawon jikinsa, saboda haka tazarar mita 2 ta wadatar. Ka tsaya, ka ja da baya, ka jira ya wuce ko ka zagaye shi da nisa. Yawancin sara yana faruwa ne ta hanya biyu: mutum ya sa hannu ko ƙafa inda idonsa bai gani ba, ko ya ɗauki sanda zai kashe. A duwatsun magangara, inda mutane ke hawa da hannu, nan ne wurin kula. Idan kututture ya tare hanya, ka taka kansa ka leƙa, kada ka tsallake kai tsaye. Mataccen maciji ma ba a taɓa shi, yankakken kai yana iya sara.

Idan ƙaddara ta faɗa, ka matsa daga macijin, ka kira lambar agajin gaggawa ta 911 nan take, ka faɗi mashigar da ka biyo da alamar turba ta ƙarshe da ka wuce. Ka cire zobe da agogo da duk abin da zai matse, domin kumburi yana zuwa da sauri. Ka zauna, gaɓar ta huta ba motsi. Idan da biro, ka zana iyakar kumburin ka rubuta lokaci, ka sake bayan kowane minti 15, wannan yana nuna wa likita saurin tafiyar dafin. Idan babu sabis, a tura mutum ɗaya ya hau inda zai samu, idan kai kaɗai ne ka taka a hankali zuwa wurin mutane.

Dalilin hana ɗauri shi ne dafin wannan maciji yana narkar da nama ne a inda ya shiga. Idan ka ɗaure, ka tara dafin a wuri guda kuma ka yanke wa naman jini, ƙarshenta a rasa yatsa ko hannu. Tsagawa tana ƙara rauni a jikin da jininsa ya riga ya kasa daskarewa. Tsotsa da ƙaho ba sa fitar da wani abin kirki. Ƙanƙara tana ƙara kashe naman. Kada a sha asfirin ko ibuprofen, suna ƙara zubar jini. Kuma kada a tsaya neman macijin don a kai asibiti, maganin dafin da ake amfani da shi a Amurka yana aiki a kan duk masu kacau-kacau. Ko ba ka ji zafi sosai ba ka je, domin matsalar jini tana iya bayyana bayan awoyi.

Don hankalinka ya kwanta: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 8,000 macizai masu dafi ke sara a shekara a duk ƙasar, kusan 5 ne ke mutuwa. Bambancin can da gida shi ne saurin isa ga magani.

Kwana biyu bayan mun dawo, ƙafafuna da hannuna suka yi ƙuraje a jere kamar an zana, ga ƙaiƙayi ba barci. Mijina bai je ba, shi ma ya kamu. Cuta ce mai yaɗuwa?
*Uwargida, Carmel Valley*

Sannu Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Bayanin da kika yi ya yi daidai da tsiron da ake rubuta wa poison oak a allunan gargaɗi. Ya cika bakin rafin, musamman a inuwa. Ganyensa uku-uku ne a kan tsinke ɗaya, mai sheƙi, kore da bazara, ja da kaka, da sanyi kuma ya zube ya bar sanduna tsirara waɗanda su ma suna ƙuna. Danginsa ɗaya da mangwaro da yazawa, wanda ya taɓa ganin yadda ruwan ɓawon yazawa ke yi wa fata ya san irin abin.

Wani mai ne a jikinsa yake jawo wannan. Ƙurajen suna fitowa bayan awa 12 zuwa kwana 3, a jere saboda haka reshen ya goge ki. Ruwan bororon ba ya yaɗa komai. Maigida ya samu ne daga man da ya rage a wando ko takalmi ko kujerar mota, kuma man yana iya zama a kan kaya wata da watanni yana aiki. Ki sa safar hannu ki wanke kayan su kaɗai da ruwan zafi da omo, ki goge takalmi da igiyarsa da jaka da waya.

Ga jiki, yanzu lokacin wankewa ya wuce, sai lallashi: tsumma mai sanyi, man kalamin, man hydrocortisone mai kashi 1 cikin 100, da yanke farce don kada susa ta kawo ƙwayar cuta. Yakan ɗauki mako 1 zuwa 3. Idan ya taɓa fuska, ido ko al'aura, ko ya mamaye jiki, ko ya fara ruwa da zazzaɓi, sai asibiti. Nan gaba, da zarar kin yi zargin kin taɓa, ki wanke da sabulun wanke kwanuka da ruwa mai sanyi da yawa, da wuri-wuri, har ƙarƙashin farce.

Tunda muna kan fata, a duba kaska. Tana maƙalewa a bakin ciyawa tana jiran mai wucewa, kuma jami'an gunduma sun sha samun kaska mai ɗauke da cutar tularemiya a kwazazzabon Lopez. A bi tsakiyar turba, a cusa ƙafar wando cikin safa, a shafa maganin ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30. An dawo gida a duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne da cikin gashin yara, a sa kayan a na'urar busarwa da zafi na minti 10. Idan ta kama, a sa hantsaki mai siririn baki daf da fata a ja a miƙe a hankali. Ba a ƙona ta da ashana, ba a shafa mata kananzir ko man shafawa, domin jinkirta cire ta kawai ake yi. Zazzaɓi ko ƙurji a makonnin da suka biyo baya, a gaya wa likita an cire kaska.

Ina so in kai yarana uku, ƙaramin shekararsa 4. An ce akwai zakin dutse. In haƙura?
*Uwa, Scripps Ranch*

Kada ki haƙura, amma ki shirya. Zakin dutse, wanda ake kira puma, yakan ratsa wurin jefi-jefi daga dazuzzukan gabas. Ba za mu ɓoye miki ba, a watan Mayun 2019 ɗaya ya raunata yaro ɗan shekara 4 a cikin wannan daji, manyan da ke tare da yaron suka kori zakin, yaron ya rayu. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, dubban mutane suna shiga kowane mako ba su ga ko sawunsa ba.

Yara su kasance tsakanin manya, ƙaramin a inda hannunki zai kai gare shi. Kada su ruga gaba su sha kwana su ɓace miki, domin ƙaramin jiki mai gudu shi ke tayar wa kowace kyanwa sha'awar farauta. Da yara, ki bar asuba da almuru, ki je bayan rana ta fito sosai kafin ta yi zafi. Idan kun yi kiciɓis, ba gudu, ba juya baya, ba tsugunawa. Ki ɗauki ƙaramin, sauran su manne da ke, ki buɗe mayafi ko riga ki ƙara girma, ki ɗaga murya, ki jefa abin da ke hannunki, ki ja da baya kina fuskantarsa kuma ki bar masa hanyar fita. Idan ya kawo hari, faɗa ake yi da shi da duk abin da aka samu.

Koyoti za ku fi gani, kuma yawanci zai kalle ku ya wuce. Wanda ya tsaya ko ya matso, an saba ba shi abinci ne, ki tafa hannu ki yi masa tsawa har ya tafi. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Masana biyu, Kevin Crooks da Michael Soulé, sun yi nazari a kwazazzaban San Diyego, suka wallafa a 1999, suka nuna cewa inda koyoti yake, kyanwoyin gida da sauran ƙananan mafarauta suna raguwa, tsuntsayen sarƙaƙiya kuma suna wanzuwa. Inda ya ɓace, tsuntsayen ma sukan bi shi.

Ga ɗan shekara 4, kilomita 11 ta yi yawa. Ku shiga ta wajen tsohon gidan gonar, ku yi kilomita 2 ko 3 a inuwar itatuwa ku juyo.

Na je washegarin ruwan sama na tarar an rufe hanyoyin. Yayyafi ne fa kawai.
*Ma'aikacin asibiti, Poway*

San Diyego ruwanta kusan milimita 250 ne a shekara, mafi yawansa daga Disamba zuwa Maris, amma duk abin da ya sauka a kan rufi da kwalta na unguwannin kewaye ba ya nutsewa, kwalbatoci ne ke zuba shi kai tsaye cikin kwarin. Shi ya sa rafin ke cika cikin ɗan lokaci ya shanye mahayai. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Ƙasar kuma yumɓu ce, tayar keke da kofato suna barin rami da zai bushe kamar siminti, mutane su riƙa zagaye taɓo suna tattake ciyayi har turba ta ninka faɗi. Rufewar takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Ka duba sanarwar masu kula da dajin kafin ka fito.

Wane madubin hangen nesa zan saya, kuma me ya sa wanda na ara yake sa ni ciwon kai?
*Ɗaliba, La Jolla*

Ki nemi mai lamba 8x42. Lamba 8 ita ce yawan kusantarwa, 42 kuma faɗin gilashin gaba a milimita. Idan kin raba 42 da 8 za ki sami 5 da ɗoriya, wato faɗin hasken da ke shiga idonki, kuma wannan ya isa ga duhun asuba da inuwar kurmi. Masu 12 ko 16 suna ruɗin mai saye, amma rawar hannu ma ninkuwa take yi, filin gani ya ƙuntata, tsuntsu ya tashi kina nemansa.

Ciwon kan kuwa, an saita shi ne da idon mai shi. Ki lanƙwasa shi a tsakiya har da'ira biyu su zama ɗaya. Ki zaɓi allo mai rubutu a nisan mita 20 ko 30. Ki rufe gilashin dama da tafin hannu, ki juya babban abin juyawa na tsakiya har rubutun ya fito wa idon hagu. Sai ki rufe na hagu, kada ki sake taɓa na tsakiya, ki juya ƙaramin zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Daga nan na tsakiya kaɗai za ki riƙa amfani da shi. Mai tabarau ta murɗa robar bakin ido ƙasa, marar tabarau ta ɗago ta. Idan kin yi duk wannan har yanzu abu biyu kike gani, madubin ya taɓa faɗuwa ya goce, idonki ne ke wahalar haɗa hoton, ki mayar wa mai shi. Wajen kallo, ki kafa ido a kan tsuntsun ki ɗago madubin zuwa fuska ba tare da kin sunkuya ba. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell kyauta ce, tana gane tsuntsu da kukansa, amma kada ki kunna kukan da ƙarfi don ki jawo shi, musamman da bazara. A bakin rafin akwai ɗan tsuntsun least Bell's vireo da ke cikin jerin masu fuskantar ƙarewa tun 1986, namijin da ya bar sheƙa yana neman kishiyan da babu shi ya yi asarar ƙarfinsa a banza.

Na ga zomaye birjik da ganyaye masu ƙamshi. Zan iya harbin ɗaya da danƙo ko in ɗebi ganye? Kuma yaya batun salla da azumi a can?
*Dattijo mai ziyarar ɗansa, Mira Mesa*

Barka da zuwa, Baba. Zomo da ganye duk a bar su. Farauta ta kowace hanya haramun ce a dokar wurin, haka tsinkar tsiro, ɗibar itace, kama dabba da kunna wuta, kuma ana cin tara. Dalilin a bayyane yake: daji ne siriri da dubun dubatar gidaje suka kewaye, idan kowa ya ɗebi dami guda, shekara ɗaya ta isa ya zama fili. Zomo da kurege kuma su ne masu ɗauke da tularemiya da aka ambata a sama, fiɗarsu da hannu hatsari ne. Bai wa dabba abinci ma haka, tausayi ne da ke ƙarewa da a harbe ta ranar da ta ciji wani. Ɗan barewa da aka gani kwance shi kaɗai ba maraya ba ne, uwarsa ta ɓoye shi ta tafi kiwo, za ta dawo idan an bar wurin. Wuta kuwa, daga Satumba zuwa cikin sanyi akwai busasshiyar iska da ke tasowa daga hamada, ana kiranta Santa Ana, tana busar da leɓe kamar hunturu sai dai sau da yawa da zafi take zuwa. Ita ta ruruta gobarar 2003 da ta 2007 da suka cinye dubban gidaje a gundumar. Ranar da aka yi gargaɗin gobara, a zauna a gida.

Salla ba mai hana ku. Ku riƙo ruwan alwala daban da na sha, ku zaɓi fili a sarari a gefen turba inda keke ba zai ci karo da ku ba, ku duba ƙasa da kewayen duwatsu kafin ku shimfiɗa darduma. Alƙibla daga San Diyego ba gabas take ba kamar yadda aka saba a gida, arewa ce maso gabas, wajen digiri 25 daga arewa.

Da azumi, shawararmu ita ce gajeriyar tafiya bayan asuba, awa ɗaya a inuwa, lokacin da ruwan sahur yake jiki, kuma lokacin ne ma dabbobi ke waje. Tafiyar magangara a bar ta sai bayan Ƙaramar Salla. Ƙasan kwarin ya fi bakin teku zafi sosai, a Agusta da Satumba yakan haura digiri 35, iska kuma ba ta ratsawa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ɗaurewar tsoka alamun jiki ya gaza ne: a shiga inuwa, a jiƙa kai da wuya da riga, a sha ruwa kaɗan-kaɗan, a rama azumin daga baya. Idan mutum ya fara ruɗewa, ko magana ta sarƙe, ko yana tangaɗi, a kira 911, a ci gaba da zuba masa ruwa ana yi masa fifita har masu agaji su iso.